Fadama a Kan Tudu: Yini Guda a Hanyar Pennine

Da na gaya wa yayata ta waya cewa ni da ɗanta za mu yi kwana uku muna tafiyar ƙasa a tsaunukan arewacin Ingila, sai da ta yi jim, sannan ta ce, "Wani abu ne ya faru a can?" Na ce lafiya ƙalau. Ta ce, "To, babu mota ne?" Na ce akwai, har da jirgin ƙasa. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Amma ka tuna amana ce a hannunka."

Tambayoyinta ba su ba ni mamaki ba. A wurinmu mutum ba ya taka sayyada sai da dalili: kasuwa, gona, gaisuwa, kiwo. Kakanninmu sun taka daga Kano har Gwanja neman goro, wasu sun shafe shekaru a hanyar Makka ta Chadi da Sudan, amma kowa da abin da ya fitar da shi daga gida. A Birtaniya kuwa akwai mutanen da tafiyar ce da kanta buƙatarsu. Malamin makaranta, direban bas, tsohuwa mai jikoki, kowa ya ɗauki hutunsa, ya goya jaka, ya shiga daji ya yi ta tafiya har kwanaki, sannan ya koma bakin aiki da ƙafafu a kumbure da zuciya wasai. Shekaru na yi a Manchesta ina jin labarinsu a wurin aiki kafin abin ya shiga raina.

Uwar hanyoyin da suke bi ita ce Hanyar Pennine. Tana farawa daga wani ƙauye da ake kira Edale, tsakanin Manchesta da Sheffield, ta bi doron tsaunukan da suka raba arewacin Ingila gida biyu, ta ƙare a Kirk Yetholm, cikin Sikotlan. Tsawonta mil 268 ne, wato kimanin kilomita 430. Wani ɗan jarida mai suna Tom Stephenson ne ya fara kiran a yi ta a 1935, amma sai ranar 24 ga Afrilun 1965 aka buɗe ta, bayan shekara 30 ana ja-in-ja da masu filaye. Yawancin masu bin ta gaba ɗaya sukan yi sati biyu zuwa uku. Akwai kuma masu tsere a kanta a tsakiyar sanyin Janairu: a 2019 wata likitar dabbobi, Jasmin Paris, ta gama ta cikin awa 83 da 'yan mintoci, ta wuce dukan mazan da suka shiga, alhali tana shayarwa. Mu dai niyyarmu kwana uku ce, daga Edale zuwa Hebden Bridge inda za mu hau jirgi mu dawo, in Allah ya yarda wata shekarar mu ɗora daga nan. Yinin farko shi ne daga Edale zuwa Crowden, kilomita 26, kuma kowa ya gaya mini a nan ne mutane da yawa kan haƙura su koma gida.

Na ji gargaɗin, amma bai zauna mini ba, kuma na san dalili. A Jos aka haife ni. Garin namu kansa yana kimanin mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere sun haura mita 1,800. Da na duba taswira na ga tudun Kinder Scout mita 636 ne, Bleaklow 633, sai na ga ai unguwarmu ma ta fi su bisa. Tsoron da na taso da shi a tafiya tsoron rana ne da ƙishirwa, don haka na cika jakata da ruwa. Ban san cewa a wannan ƙasa ruwan ne abin tsoron ba.

Mun sauka daga jirgi a Edale da safiyar wata Asabar a tsakiyar Satumba, muka kama hanya wajen ƙarfe tara. Sararin sama toka-toka, babu ruwa tukuna. Awa ɗaya ta farko daɗi ne zalla: korayen makiyaya, tumaki masu kauri kamar an lulluɓe su da bargo, katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka, sun fi shekara ɗari a tsaye. Abin da ya fara ɗaure wa yaron kai shi ne hanyar ta ratsa ta tsakiyar gonar mutum, har ta gaban rumfar dabbobinsa.

"Kawu, ba za a ce mun shigo gonar mutane ba?"

Na nuna masa 'yar ƙofar katako da aka yi a jikin katangar, da alamar hanya a kanta. Gonar ta manomin ce, amma siririyar hanyar da ta ratsa ta haƙƙin kowa ce a doka. Ba shi da ikon toshe ta, kai ma ba ka da ikon barin ƙofa a buɗe tumakinsa su fice. Manomin ma ya wuce mu a kan babur mai ƙafa huɗu, karensa a baya, ya ɗaga mana hannu.

Bayan wata 'yar gadar dutse da aka yi wa dawakan fatake tun zamanin da, sai hawan da suke kira Tsanin Yakubu. Matakai ne na dutse, a miƙe, suna cin gwiwa. Da muka kai ƙarshensu gumi ya jiƙa mu sharkaf. Yaron ya zuge rigar ruwansa yana shan iska. A ciki farar riga ce ta auduga, a ƙasa wandon jins. Na gani, ban ce komai ba. Wannan shirun shi ne babban laifina a ranar.

A saman nan duniya ta canja. Ba itace ko ɗaya, ba gida, ba inuwa. Irin wannan ƙasa ce Turawan Ingila ke kira moor, kuma na daɗe ina neman yadda zan bayyana wa mutumin gida ita. Mu mun san fadama a kwari take, tudu kuwa jigawa ne ko fako. To, wannan fadama ce a kan tudu. Kan tsaunin shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ruwan sama yana sauka a kansa kusan kowane wata na shekara, sanyi kuma ba ya barin rana ta busar da shi. Wata irin gansakuka ke tsirowa a wurin, mai shan ruwa kamar soso. Idan ta mutu ba ta ruɓewa sosai, saboda ruwan ya danne ta iska ba ta shiga, sai sabuwa ta tsiro a kan tsohuwa. A haka take taruwa ta zama baƙin taɓo, kimanin milimita ɗaya a shekara, kaurin farce ke nan. Inda taɓon ya kai mita biyu ko uku, kana tsaye ne a kan aikin shekaru dubu biyu ko uku. Na durƙusa na damƙi kaɗan a hannu: sanyi ƙalau, laushi kamar tuwon da ya kwana, ba ya wari, da na matse sai ruwa mai launin shayi ya biyo yatsuna. A kansa akwai wasu gajerun tsirrai masu tauri da ba su wuce gwiwa ba, furanninsu ja-ja da sirkin shuɗi, a lokacin sun fara bushewa. A cikinsu wata tsuntsuwa ke zama, 'yar uwar makwarwa, ja mai duhu. Takan bari sai ka kusa taka ta, ta tashi fir da wani kuka mai kama da dariyar tsoho, gabanka ya faɗi.

Sai dai ba ko'ina ne ƙasar ke da lafiya ba. Hayaƙin kwal na masana'antun Manchesta da Sheffield ya yi fiye da shekara ɗari yana sauka a kan waɗannan tuddai cikin ruwan sama, ya kashe gansakukar. Gobara da yawan kiwo suka ƙarasa sauran. Taɓon ya zama tsirara, ruwa ya yi ta yankarsa har ya haƙa kwazazzabai masu zurfin da ya fi tsawon mutum, ɗaruruwa, suna karkacewa suna haɗewa kamar hanjin akuya. Wanda ya ga yadda zaizaya ke cin gonaki a wurinmu zai gane ciwon nan take. Tun 2003 ake aikin farfaɗo da wurin: ana watsa iri da farar ƙasa daga jirgi mai saukar ungulu, ana datse bakin kwazazzaban da duwatsu da katako, ana dasa gansakukar da hannu, dunƙule-dunƙule. Mun ga wuraren da kore ya dawo, kuma na ji daɗin ganinsu har cikin raina.

Wajen sha biyu muka isa inda wani rafi ke faɗowa daga gefen tudun, tsayin mita 30, ana kiran wurin Kinder Downfall. Iskar yamma ta riga ta taso. A nan na ga abin da da labari aka ba ni zan yi musu: ruwan yana zubowa daga bakin dutsen, iska ta tare shi, ta ɗaga shi sama kamar hayaƙi, ta watso mana a fuska. Muka ɓuya a bayan wani dutse muka ci burodi da dafaffen ƙwai. A lokacin ne aka fara yayyafi, siriri, a kwance yake zuwa ba daga sama ba.

Gaba kaɗan, inda hanyar ke gangarowa, akwai bakin wani kwari da ake kira William Clough, kuma a nan na tsayar da yaron duk da yayyafin, don ina son ya san a kan me yake tafiya. Shekara ɗari da suka wuce, talaka bai isa ya tako inda muke tsaye ba. Tuddan mallakar manyan masu sarauta ne, sun keɓe su don harbin makwarwar nan da ake buɗewa kowace 12 ga Agusta, sun zuba masu gadi da sanduna. Ma'aikatan masaƙu kuwa suna can ƙasa cikin hayaƙi kwana shida a mako, ranar Lahadi suna hango tudun ba damar hawa. Ranar 24 ga Afrilun 1932 matasa kimanin 400, mafi yawansu daga Manchesta, suka taru a wani wurin fasa dutse kusa da Hayfield, suka biyo wannan kwari da rana tsaka, da gangan. Jagoransu Benny Rothman, ɗan shekara 20. Aka yi 'yar arangama da masu gadin sarakin Devonshire, da suka sauko 'yan sanda suka kama wasu, aka ɗaure biyar daga wata biyu zuwa wata shida. Ɗaurin nan ya fusata jama'a fiye da yadda masu filayen suka zata. A 1949 majalisa ta yi dokar gandayen ƙasa, a 1951 wannan yanki ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, a 2000 aka yi dokar da ta ba kowa damar yawo a irin waɗannan tuddai. A 2002 kuma magajin wancan basarake ya tsaya gaban jama'a ya nemi afuwa kan abin da kakansa ya yi.

Duk lokacin da na tuna wannan labari, burtali ke faɗo mini. A shekarar da aka buɗe Hanyar Pennine, 1965, a ita gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Ina yaro na ga burtalin da garken shanu ke wucewa a sake, na girma na tarar gonaki sun matse shi har jaki biyu ba sa gittawa, kuma mun san jinin da ake zubarwa a kan haka. Ba ina cewa matsalar iri ɗaya ba ce, mai yawon hutu ba makiyayi ba ne. Amma na ga da idona cewa gona da hanya suna iya zama wuri guda idan an shata hanyar a takarda, an kafa mata alama, kuma akwai wanda zai tsaya mata ranar da aka toshe ta.

Daga tudun Mill Hill hanyar ta karya dama, ta miƙe kusan kilomita huɗu a kan fadama tsantsa. A da a nan matafiya ke nutsewa har gwiwa, kowa yana kauce wa sawun na gabansa, har hanyar ta yi faɗi kamar titi, ƙasar ta lalace. Sai aka kwaso fala-falan duwatsun daɓen tsofaffin masaƙun da aka rushe, irin masaƙun da audugar Funtuwa da Zariya ke zuwa a zamanin Turawa, aka sauke su da jirgi aka jera ɗaya bayan ɗaya. Wasu har yanzu da ramukan ƙusoshin injin a jikinsu. Tafiya a kansu tana da sauri amma tana dukan tafin ƙafa, kuma da ruwa ya jiƙa su sai santsi.

Ƙarfe biyu da rabi muka tsallaka kwaltar Snake Pass, titin mota ɗaya tilo da ke ratsa saman tuddan a wannan yini. Sunan na nufin mashigar maciji, amma ba don macizan wurin ba ne, daga tambarin gidan sarautar Devonshire ya samo asali. Muka yi alwala a wani ɗan rafi. Yaron ya yi turus da ganin launin ruwan, na ce masa ruwan da ƙasar mazauninsa ta canja wa launi yana nan da tsarkinsa. Sanyinsa kuwa har cikin haƙori. Na fitar da kamfas na nemo alƙibla, kudu maso gabas, muka shimfiɗa ledar tanti muka yi Azahar iska tana kaɗa mu.

A nan ya kamata in yi lissafi. Mun ci fiye da rabin hanya, amma mun makara da kusan awa ɗaya, yayyafi ya zama ruwa sosai, gajimare ya sauko ya rufe tudun da ke gabanmu. Ga titi, ga motoci suna wucewa zuwa Glossop. Na tambaye shi ko zai iya. Ya ce, "Haba Kawu, ba komai." Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai ce wa kawunsa ya gaji ba, kuma na san haka sarai.

Bleaklow ba ta da kai irin na tsauni, da za ka hango ka nufa. Ƙaton tudu ne mai faɗi, duk kwazazzabai, hanyar ma a cikin ɗayansu take bi, bango baƙi dama da hagu, ruwa yana gudu a ƙarƙashin takalminka. Sai hazo ya rufe mu. Ba irin hazonmu na hunturu ba ne mai bushe leɓe. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana manne wa gira, kuma ba ka ganin abin da ya wuce taku goma sha biyar. Ƙara ma yana haɗiye ta. A wani wuri kwazazzabon ya rabu biyu, duka iri ɗaya, duka da sawun takalma. Na ciro waya, ruwa ya jiƙa gilashin ya ƙi jin yatsa, batirin da ke sama da rabi a titi sanyi ya zuƙe shi. Na zaɓi na hagu.

Bayan minti ashirin sawun ya ɓace. Muka hau bango don mu duba, ba abin gani sai fari. Yaron ya hango wani wuri kore shar, lumui kamar darduma, ya ɗauka tudu ne mai ƙarfi, ya taka. Ƙafarsa ta dama ta shige har cinya. A wannan ƙasa wuri mafi kore shi ne mafi zurfi, gansakuka ce kawai ke yawo a kan ruwa. Na ce ya kwanta da baya kada ya yi kokawa, na cire masa jaka, na kama shi ta hammata ina ja a hankali. Taɓon ya riƙe ƙafar kamar mai rai. Da ta fito, da wata irin ƙara ta tsotsa, wandon jins ɗin ya zama baƙi ƙirin, ya yi nauyi kamar buhu.

Muka ci gaba da lalube. Ban fi rabin awa ba na lura ya daina magana. Na waiwaya na ga yana tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe. Haƙoransa suna kaɗawa. Na ce ya zuge rigarsa, yatsunsa suka kasa kama zif ɗin. Na ce, "Yaya dai?" Ya ce, "Barci nake ji, Kawu. Bari in ɗan zauna." Maganar tana fita a daddame kamar ta wanda ya tashi daga barci. Muryar yayata ta dawo mini a kunne, gabana ya yanke ya faɗi.

Abin da ke faruwa da shi sananne ne ga duk mai hawa tudu a ƙasar. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, jiki ya fara kasawa: rawar ɗari, rashin kuzarin yatsu, tangaɗi, ruɗewar tunani, daga nan sai barcin da ba a tashi. Ba sai ƙanƙara ta sauka ba. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, idan kuma iska tana busa jiƙaƙƙen tufa sai abin ya ninka. Audugar da take rahama a zafin Kano, don tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, a nan wannan halin nata ne ke kisa. A Maris na 1964, a wannan yanki, matasa uku 'yan sikawut suka rasu a wata gasar tafiya, ruwa da iska suka same su cikin tufafin da ba sa tare ruwa. Bayan rasuwarsu ne aka tsara ƙungiyoyin ceto na yankin yadda suke a yau, dukansu 'yan sa-kai, ba albashi, ba sa karɓar ko kwabo daga wanda suka ceto. Ana kiran 999, a nemi 'yan sanda, a ce ceton tsauni ake so. Na san lambar. Wayata ta mutu, tasa babu sabis a cikin ramin.

A jikin igiyar jakata akwai usur. Alamar neman taimako busa shida ce, a dakata minti ɗaya, a sake. A zagaye na uku na ji an amsa. Can sai ga wata dattijuwa ta ɓullo daga hazon, Baturiya, za ta yi shekara saba'in, sanda biyu a hannu, tana tafe kamar a tsakar gidanta. Ba ta yi mana faɗa ba, ba ta ma yi tambaya ba. Kallo ɗaya ta yi wa yaron ta zare wata ƙatuwar jaka ruwan lemo, kamar tanti marar sanda, ta ce mu tsuguna mu uku mu ja ta a kanmu mu danne bakinta da mazaunanmu. Iska ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Cikin 'yan mintoci numfashinmu ya ɗumama ciki. Ta ce in cire masa rigar audugar da wandon. Na sa masa busasshiyar rigar ulu da wandon barcina, na ɗora wandon ruwa a kai, ita kuma ta cire hularta ta sa masa. Na zuba masa shayi mai sukari daga fulas, na riƙe masa kofin da hannuna saboda nasa na rawa, ina ba shi dabino ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kada in murza masa hannu ko ƙafa, a bar zafin ya taso daga ciki. Muka zauna haka kusan minti arba'in, ruwa yana ƙwanƙwasa ledar, fuskokinmu duk sun zama ruwan lemo. Da na ji ya ce, "Kawu, akwai sauran dabinon?" da muryarsa ta ainihi, sai da na juya kai na share ido.

Ta buɗe taswirata ta ɗora yatsa a inda muke. Mun kauce yamma. Ta ce ba nisa daga nan tarkacen wani jirgin yaƙin Amurka yake, wanda ya faɗo ranar 3 ga Nuwamban 1948 cikin irin wannan gajimare, matuƙansa sun ɗauka sun riga sun wuce tuddan, mutum 13 suka mutu, kuma injinansa suna nan warwatse har yau. Sannan ta karɓi kamfas ɗina, wanda ban taɓa amfani da shi ba sai don alƙibla, ta nuna mini yadda ake ɗora shi a taswira, a juya zobensa, a bi kibiyar ko da zuciya tana cewa ba can ba ne. A taswirar santimita huɗu kilomita ɗaya ne. Ta sa ni gaba ina ƙirga taku da ƙarfi, yaron a tsakiya, ita a baya. Mu gangara kwazazzabo, mu haye, mu sake gangarawa, kibiyar dai muke bi. Wajen ƙarfe biyar da rabi wani tsibin duwatsu da sanda a tsakiyarsa ya fito daga farin. Kan Bleaklow ke nan. Ta raka mu har inda hanyar ta fito sosai a gefen wani rafi, ta tabbatar yaron yana tafiya daidai, ta ce motarta tana can Snake Pass, ta juya. Na bi ta da godiya, na ce hularta fa. Ta ɗaga sanda ba ta waiwayo ba, hazo ya rufe ta.

Muka yi La'asar a gurguje muka kama gangara. Hanyar tana bin gaɓar wani kwari mai zurfi da ake kira Torside, siririya, rami a hannun dama, duwatsu masu santsi, gwiwoyi sun riga sun mutu. Ina riƙe da igiyar jakarsa ta baya. A tsakiyar gangarar muka fito daga ƙarƙashin gajimaren kamar an ɗaga labule, sai ga kwarin Longdendale a ƙasa, madatsun ruwa a jere, waɗanda aka gina tsakanin 1848 da 1884 don shayar da Manchesta, fitilun manyan motoci suna bin gefensu. Ruwan da ya kusa cinye mana yini can yake tafiya, a tace shi, wani ya buɗe famfo a birni ya sha.

Duhu ya same mu a kan bangon madatsar. Da fitilar goshi muka ƙarasa, muka shiga filin kwana na Crowden bayan ƙarfe takwas, awa goma sha ɗaya da barin Edale. Muka kafa tanti da yatsun da ba sa jin igiya, muka rama Magariba muka yi Isha, na dafa taliya a ɗan risho muka cinye a tukunya. Diddigena biyu sun yi bororo sun fashe, safa ta manne da jini. Da wayarsa ta sami sabis na kira yayata na gaya mata komai, har da rigar audugar da na gani na yi shiru, da titin da ya kamata mu tsaya. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sannan ta ce in ba ta ɗanta, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ya miƙo mini wayar ta ce, "Ya ce shi zai ci gaba. Matar nan, ka samu sunanta?" Na ce ban samu ba. Ta ce za ta sa ta a addu'a haka nan.

Da asuba ruwa ya ɗauke. Takalman suna nan a jiƙe kamar yadda muka cire su. A gabanmu akwai Black Hill, tudun da marubucin hanyoyin tsauni Alfred Wainwright ya taɓa nutsewa a taɓonsa sai da aka jawo shi. Na duba hasashen yanayi sau biyu, na shata a taswira wurare biyu da za mu iya sauka titi idan gajimare ya dawo, na nuna masa su, na ce yau duk wanda ya fara jin sanyi ya faɗa, ko ni ko shi. Rigar audugar da wandon jins muka ƙulle a leda muka tura can ƙasan jaka. Na raba rigunan ulun da ke gare ni biyu, ɗaya shi ɗaya ni. Muka sa busasshiyar safa, muka zura ledar burodi a kanta kafin takalmi, ya jawo hular dattijuwar har kunne, muka naɗe tanti.